Maganin Sa Ba Shi Ne Na Kare Ba: Jawabi A Kan Antibiyotik Ga Karnukan Ruga Da Kyanwoyin Gida

Ardo-ardo da shugabannin rugage, dattawanmu, iyayenmu mata masu tatsa, samari masu kora, dillalai da fataken shanu, muna gaishe ku da hanya, muna kuma gode muku da kuka baro garke da kasuwa kuka zo sauraren wannan magana.

Watakila wani zai ce a ransa, mu da muka zo don shanu da tumaki, me ya kawo zancen kare da kyanwa? To, jama'a, duk wanda ya taɓa kwana a daji da bisashe ya san cewa idan dila ko kura ko ɓarawo ya doso ruga cikin dare, kare ne yake fara sani kafin mai garke ya farka. Tun daga Azawag har bakin tafkin Cadi, da wuya ka iske rugar da ba ta da kare ko ɗaya. Ita kuwa kyanwa, wadda wasunmu ke ce wa mage ko mussa, ita ce ke tsare buhunan dusa da ƙuli da hatsi daga ɓeraye a gidan ɗan kasuwa. Waɗannan dabbobi biyu suna yi mana aiki ba albashi. Idan suka kwanta ciwo kuwa, abin da yawancinmu ke yi shi ne mu ɗauko kwalbar allurar da ta rage daga shanu, ko mu sayi kafso mai ja da rawaya a wurin mai talla, mu ɗura musu. A kan wannan al'ada ce muke so mu yi magana yau, domin tana kashe dabbar da ake son ceto, kuma ɓarnarta tana dawowa kan shanunmu da ƴaƴanmu.

MENE NE ANTIBIYOTIK?

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai waɗanda likitoci ke kira bakteriya, su ne ke kawo mugunya a rauni, da ciwon huhun shanu, da ciwon saifa, da bakkale mai sa ɓari. Akwai birus, waɗanda suka fi su ƙanƙanta ƙwarai, su ne ke kawo haukan kare da ciwon baki da kofato. Akwai na cikin jini irin mai kawo sammore, sannan akwai tsutsar ciki. Kowane iri da makaminsa. Antibiyotik, wato su penisilin da amoksisilin da teramisin, an yi su ne don bakteriya kaɗai. Ba su taɓa birus, ba su kashe tsutsar ciki.

Wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Alexander Fleming ne ya gano penisilin a shekarar 1928. Da aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1945, ya yi gargaɗi cewa idan mutane suka riƙa shan maganin kaɗan-kaɗan ba yadda ya kamata ba, ƙwayoyin cutar za su saba da shi har ya daina cin su. Abin da ya ji wa tsoro shi ne muke gani yau. Idan aka ba da magani wanda bai kai ƙima ba, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su saura. Waɗannan su hayayyafa cikin sa'o'i kaɗan, su cika jikin dabbar. Gobe idan aka sake kawo wannan magani, sai ya zama kamar an zuba ruwa.

Kada mu ɗauka abin ya tsaya kan kare. Karen nan yana lasar hannun yaro, yana sa baki a ƙwaryar da aka bari a buɗe, yana kashi kusa da rijiya da wurin da maruƙa ke kwana. Ƙwayar cutar da ta koyi bijire wa magani a cikinsa tana iya shiga cikin ɗan maraƙi, tana iya shiga cikin jariri. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani. Yankin da abin ya fi tsanani, idan aka auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutum 27 cikin kowane 100,000. Wato mu ne a kan gaba wajen wannan asara.

CIWUKAN DA ANTIBIYOTIK YAKE YI WA AMFANI

Na farko shi ne rauni mai zurfi. Kare ya yi faɗa da dila ko da ɗan'uwansa, ko sa ya soke shi, ko ƙaya ta shige ƙafarsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, haka ma bakteriya sai fata ta tsage suke shiga. Abin da za a fara yi shi ne wanki. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a bari ya huce, a aske gashin da ke gefen raunin, a wanke sau biyu a rana. Kada a zuba baƙin man mota, ko garin batir, ko toka, ko ruwan maganin kaska. Ƙaramin rauni da aka wanke da kyau yakan warke ba tare da wata allura ba. Idan kuwa wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana wari, kare ya ƙi cin abinci, ko raunin ya kai ga gaɓa ko ƙirji ko ciki, to lokacin neman likitan dabbobi ya yi, shi ne zai zaɓi maganin.

Na biyu shi ne ƙurjin kyanwa. Haƙorin kyanwa siriri ne kamar allura, yana shiga ya bar ƙwayar cuta a ciki, baki ya rufe. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai ka ga kumburi a kumatu ko gindin wutsiya. Magani ba ya ratsa tarin mugunya, saboda haka dole sai an buɗe an matse an wanke tukuna. Wannan darasi ne ga mu ma. Wanda kyanwa ta ciza a hannu, musamman a yatsa, hannun yakan kumbura cikin kwana ɗaya saboda wata ƙwaya mai suna Pasteurella da ke zaune a bakinta. Kada ya tsaya gwaji a gida, ya nufi asibiti.

Na uku shi ne zazzaɓin kaska. Akwai wata ƙwayar bakteriya mai suna Ehrlichia wadda kaskar kare ke sakawa a jini, an fara gano ta a ƙasar Aljeriya a 1935, kuma tana ko'ina a ƙasashe masu zafi irin namu. Alamunta su ne zazzaɓi, da kasala, da rama, dasashi ya yi fari, wani lokaci kare ya riƙa haɓo. Maganinta doksisiklin ne, ana ba da shi kullum har kwana 28. Kare yakan miƙe bayan kwana biyu ko uku, kuma nan ne ake yin kuskure, sai mai shi ya ce ya warke ya ajiye sauran ƙwayoyin. Cutar tana nan kwance, za ta dawo da ƙarfi. Akwai kuma wata cutar kaska mai suna Babesia mai sa fitsari ya yi ja, wadda alamunta suka yi kama da waɗannan, amma ita ba bakteriya ba ce. Sai an duba jini a madubin likita ake rarrabe su.

Na huɗu shi ne mugunya a mahaifar karya. Yakan zo makonni kaɗan bayan ta gama neman namiji. Sai ka ga tana shan ruwa da yawa, ciki ya kumbura, wani lokaci ruwa mai wari yana fita ta baya. Wannan ciwo yana kisa da sauri, kuma allura kaɗai ba ta cika warkar da shi ba, galibi sai an yi aiki an cire mahaifar.

Na biyar shi ne ciwon da ake ɗauka a ruwan tabki da fitsarin ɓera ya gurɓata, wanda likitoci ke kira leptospiroz. Kare ya yi amai, ido ya yi rawaya kamar mai shawara, ƙoda ta lalace. Yana jin penisilin da doksisiklin idan an kama shi da wuri. Mutum ma yana ɗauka, don haka kada a taɓa fitsarin irin wannan kare da hannu tsirara.

CIWUKAN DA BA YA YI WA KOMAI

Zawo na yau da kullum, wanda kare ya yi don ya ci ruɓaɓɓen abu, yakan tsaya da kansa cikin kwana biyu ko uku idan an ba shi ruwa mai tsabta da abinci mai sauƙi. Kafso ba ya ƙara masa komai sai ɓata masa hanji. Zawon jini mai ɗoyi da amai wanda ke share ƴan kwikwiyo tsakanin mako 6 da wata 6, birus ne ke kawo shi. Likita yana iya haɗawa da antibiyotik don tare ƙwayoyin hanji kada su shiga jini, amma ƙarin ruwa ne ke ceton rai, rigakafi kuma shi ne ke hana shi zuwa. Murar kyanwa mai sa atishawa da hawaye ita ma yawanci birus ce. Tsutsar cikin kare kuwa, wadda ƙwanta ke zuba a ciyawa, tunkiya ta ci ta kamu da juwa tana zagaye wuri ɗaya, ko mahauci ya iske jakunkunan ruwa a hanta da huhu, maganinta daban ne, sunansa prazikwantel.

Sai babban cikinsu, haukan kare. Babu antibiyotik da ke yi masa magani, ko ga dabba ko ga mutum, kuma da zarar alamunsa sun bayyana, mutuwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi. Shan kafso a zauna gida ba ya hana komai. Idan karen sananne ne, a ɗaure shi a sa masa ido har kwana 10. Ku tuna saniya ma tana kamuwa: sai ta riƙa kuka da wata irin murya, yawu yana dalala, ta kasa haɗiya. Makiyayi ya zaci wani abu ne ya maƙale mata, ya cusa hannu a bakinta. Kada mu yi haka. Rigakafin karnuka kuwa an gwada an gani: a birnin Njamena, a shekarun 2012 da 2013, an yi wa sama da kashi 70 cikin 100 na karnukan garin allura, kuma cutar ta lafa ƙwarai har tsawon lokaci, kafin karnukan da ke shigowa daga waje su sake kawo ta.

HATSARIN KWALBAR SHANU

Bari mu yi lissafi tare. Teramisin mai dogon aiki, wanda aka rubuta 20% a jikin kwalbarsa, ana yi wa saniya mililita 1 a kan kowane kilo 10. Saniya mai kilo 250 za ta sha mililita 25. Karen ruga kilo 15 ne zuwa 20, kyanwa kuwa kilo 3 zuwa 4. Hannun da ya saba cika sirinji don sa, idan ya ce bari in ɗan rage, ya ja mililita 5 ya yi wa kare mai kilo 15, to ya ba shi fiye da ninki uku na awon saniya. Bayan haka, shi wannan mai kauri an haɗa shi ne don naman manyan dabbobi. A jikin kare yana kawo zafi da kumburi a wurin allurar. Idan kuma aka ba ƴan kwikwiyo ko karya mai ciki, yana ɓata haƙoran ƴaƴan.

Ga wasu magunguna da muke roƙon kowa ya riƙe sunansu:

1. Berenil da ire-irensa, wato garin sammore. Ba antibiyotik ba ne, kuma tazarar da ke tsakanin awon da ke warkar da kare da wanda ke taɓa masa ƙwaƙwalwa kaɗan ce ƙwarai. Karnuka da yawa sun mutu ta wannan hanya suna sanƙarewa. Likita kaɗai ya kamata ya yi shi, bayan ya auna nauyi.

2. Parasitamol. Ƙwaya ɗaya tak ta babban mutum tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara.

3. Enrofloksasin, wanda ake yawan ba kaji da shanu. Idan ya wuce kima a jikin kyanwa yana makantar da ita har abada, ga ƙananan karnuka masu girma kuma yana lalata guringuntsin gaɓoɓi.

4. Jentamisin da streptomisin. Suna cin ƙoda da kunne, musamman ga dabbar da zawo ko ƙishirwa ya busar.

5. Ruwan wankan kaska na shanu, irin su amitraz da permetrin. Guba ne ga kyanwa, ko da shafa aka yi.

Ko maganin da ya dace ma yana da ƙa'idar bayarwa. Idan an ba kyanwa ƙwayar doksisiklin, a bi ta da ruwa ko ɗan abinci, don idan ta maƙale a maƙogwaro tana ƙona wurin ya tsuke.

MAGANIN KASUWA

Ku ƴan kasuwa kun fi mu sanin abin da ake shimfiɗawa a tabarma ranar kasuwa a gefen kara. Kwalba tana shan rana tun safe har la'asar, wata lokacinta ya wuce an kankare kwanan watan, wata kuma jabu ce tun daga inda aka yi ta. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu tasowa, cikin kowane magani 10 na mutane, wajen 1 jabu ne ko maras inganci. Babu dalilin da zai sa mu zaci na dabbobi ya fi wannan kyau. Maganin da ƙarfinsa ya ragu, daidai yake da ba da rabin awo, shi ne ke koya wa ƙwayar cuta taurin kai. Ƙasashen UEMOA, ciki har da Nijar da Benin da Burkina Faso, sun kafa dokar bai ɗaya tun 2006 cewa sai an ba maganin dabbobi izini kafin a sayar da shi. Mu sayi namu a kantin maganin dabbobi da hukuma ta sani, mu duba ranar ƙarewar aikinsa, mu ajiye shi a inuwa.

Wannan ƙa'ida ta shafi garken kansa. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a sha nonon dabbar da aka yi wa allura ko a yanka ta. Iyayenmu mata sun sani, nonon saniyar da aka yi wa teramisin yakan ƙi yin barci, domin maganin yana kashe ƙwayoyin kirki masu sa shi ya yi tsami. Wanda ya yi wa sa allura yau don ya miƙe ya kai shi kasuwa gobe, ya sayar wa jama'a nama da magani a ciki. Shi kuma nonon da aka hana yara, bai kamata a juye wa kare da kyanwa ba, don ƙwayoyin cikinsu ma za su saba da maganin.

ABIN DA MUKE ROƘO

Rigakafi ya fi magani. A cire wa kare kaska, a yi masa allurar hauka, a ba shi maganin tsutsa a kan lokaci. Idan saniya ko akuya ta yi ɓari, a binne ɗan da mabiyiyar da zurfi, kada a jefa wa kare, domin ta haka bakkale ke yawo daga ruga zuwa ruga. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta, kada a bar karnuka su ci, a sanar da ma'aikatan kiwo, don yana iya zama ciwon saifa.

Idan likita ya rubuta magani, a tambaye shi abu uku: nawa za a bayar, sau nawa a rana, har kwana nawa. A cika kwanakin da ya yanka, ko da dabbar ta miƙe. Idan an yi kwana uku babu sauƙi, a koma wurinsa, kada a ƙara wani magani a kai da ka. Abin da ya rage kada a ajiye don wani kare, kada kuma a ba mutum. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa rauni ko kashin dabba maras lafiya.

Mun san abin da za ku ce, likitan yana ina? Gaskiya ne, akwai makiyayin da zai yi tafiyar yini biyu bai ga ma'aikacin kiwo ba, kuma wannan rashi ne ke tura mutane wurin mai talla. Wuraren gwaji suna nan, akwai LABOCEL a Yamai, da LANAVET a Garwa, da cibiyar Farsha a Njamena, da ta Vom a Nijeriya, amma amfaninsu ba ya isa daji sai da ma'aikata a kusa. Saboda haka muna kira ga hukumomin kiwo da su ƙara yawan mataimakan likitocin dabbobi a mashaya da burtali da kasuwannin shanu, su koya musu ciwukan kare da kyanwa tare da na shanu, kuma duk ranar da aka fito rigakafin garke a zo da allurar haukan kare a cikin akwatin sanyi guda. Mu kuma a namu ɓangaren, kowane ardo ya san yawan karnukan da ke rugagensa, ya sa a kawo su ranar allura. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba kuma mako ne na faɗakarwa a kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. Waɗannan ranaku dama ce ta tara jama'a a maimaita wannan magana.

Wanda ya ji, ya isar wa wanda bai zo ba, musamman samarin da ke can bakin garke, don su ne sirinji ke hannunsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu, ya mai da kowa gida lafiya.